Wasiƙa Kan Mai Rawa da Malafa

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan zafi ya kankama, sai godiya.

Ka tuna musun da muka sha yi, kana cewa rawa a fim cike gurbi ce kawai? To, makon jiya na kalli fim ɗin Cabaret na 1972 har sau biyu, kai na yi ta tunawa. Bob Fosse ne ya ba da umarni, shi ya tsara raye-rayen. A Chicago aka haife shi a 1927, kuma tun yana ɗan shekara 13 yake rawa a gidajen shaƙatawa na dare, wuraren da ko leƙawa bai kamata yaro ya yi ba.

Sanƙo ya kama shi da wuri, sai ya riƙa sa malafa. Kafaɗunsa a ranƙwafe suke, ƙafafunsa na karkata ciki. Wani da ɓoyewa zai yi, shi kuwa ya koya wa 'yan rawarsa, har abin ya zama tambarinsa. Za ka ga mutum ya tsaya cak, yatsa ɗaya kawai ya motsa, amma idonka ya kasa barinsa.

Ga amsar musunmu. Labarin a Berlin yake, 1931. Ana ta rawa a kan dandamali, 'yan Nazi kuwa na ƙaruwa cikin 'yan kallo sannu a hankali. A ƙarshe, cikin wani madubi mai murguɗa fuska, ka gan su sun zauna daram a kujerun. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Cire rawar, labarin ya mutu.

Fim na farko da Fosse ya ba da umarni, Sweet Charity na 1969, asara ya jawo. Amma a 1973 ya haɗa kyaututtukan Oscar na fim da Tony na wasan dandamali da Emmy na talabijin, a Oscar ɗin ma da Cabaret ya kayar da Coppola, mai ba da umarnin The Godfather. Sigari da aiki ba hutu suka ci shi, ciwon zuciya ya kwantar da shi a 1974. A 1987 ya yanke jiki ya faɗi a wani titi a birnin Washington, faɗuwar da ta zama ajalinsa, matarsa Gwen Verdon na gefensa, duk da sun daɗe da raba gida. Wannan ya tsaya mini a rai.

Don Allah ka nemi Cabaret ɗin, ka rubuto mini ra'ayinka. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka