Mutumina, ga labarin firi turo ɗinmu

Salamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya hidimar ƙasa? Da fatan ruwan saman can bai mantar da kai ranar Birnin Kebbi ba. Inna na gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni ko kana samun tuwo ko burodi ɗai kake ci. Ni lafiya lau sai gajiyar tirenin, kuma wagga gajiya ce ta sa na zauna rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka tuna tsiyar da kake mana, wai 'yan ƙwallon kwandon kwalejinmu akwai gudu akwai tsalle amma da an tsayar da mu a layin firi turo, wato jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa fawul, sai hannu ya kama rawa? To bakinka ya kama mu. Mun yi wasan sada zumunci watan jiya, aka ci mu da maki 3, alhali firi turo da muka zubar sun fi goma. Abin haushin, tun kwata ta biyu mutanen suka gano lagonmu. Ka san a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, in ƙungiya ta cika fawul 4 a kwata guda, daga na biyar jifa biyu ake ba abokan karawa, shi ya sa kowa ke taka-tsantsan, amma su ko a jikinsu, da gangan suka dinga riƙe dogon nan namu ɗan Argungu don sun san ba ya ci. Irin abin da aka dinga yi wa Shaquille O'Neal a Amurka, shi da duk zamansa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwandon can, kashi 52 da 'yan kai na firi turo ɗinsa yake ci.

Washegari bayan la'asar koci bai yi faɗa ba, wanda wallahi gara faɗan. Tsani ya sa aka ɗauko, ya hau da ƙwallo biyu ya ɗora su a bakin zoben, saura ƙiris su shige tare. Faɗin zobe santimita 45, ƙwallo kuwa kamar 24. Ya ce to mi ke hana ku? Ƙafa 15 daga allon da zoben ke jiki, ba mai tare ka, ba mai ture ka, daƙiƙa 5 gare ka kai ɗaya. Matsalarmu inji shi jifan mangwaro muke yi, miƙe kamar da dutse, kuma in ƙwallo ta zo a kwance bakin zoben ƙanƙancewa yake yi. Sai ta tashi sama ta lanƙwaso ta faɗo daga bisa. Ƙarfin daga gwiwa zai taso, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, in ka saki ka bar hannun a sama har ta sauka.

Amma abin da ya fi canja mu lokacin jifan ne. Da, ka sani, farkon tirenin muke jefa hamsin-hamsin muna hira muna dariya, jiki da sanyinsa, kowa gwani. A wasa kuwa yaushe ka taɓa zuwa layin nan ba kana haki ba? Yanzu sai mun yi gudu daga wancan layi zuwa wancan har numfashi na fita da ƙyar, sannan a kira mutum guda ya jefa biyu rak, in ya zubar duk mu sake gudu, sauran kuma na tsaye suna masa ihu da gangan. Ranar farko na jawo mana gudu sau uku, har yau ana min gori. Kowa kuma an sa ya tsayar da al'adarsa guda ba canji. Tawa buga ƙasa sau uku, bismilla, numfashi, saki. Akwai littafi da ake rubuta na kowa kullum, ba wanda zai zo ya ce ai ni jiya ban zubar ba. Iskar hunturu dai na ba mu wahala tunda filin a buɗe yake.

Rigimar da ta rage ta dogo ce. Koci ya ce ya gwada jifa daga ƙasa, hannu biyu tsakanin ƙafafu, irin na Rick Barry, tsohon ɗan wasan NBA, da ya yi ta cin kusan kashi 90 da shi. Har ya ba shi labarin Wilt Chamberlain, shi ma ɗan NBA, daren da ya ci maki 100 a 1962 ya ci firi turo 28 cikin 32 a lokacin da yake wanga salo, daga baya ya watsar don kunya. Dogo ya ce shi atafau, 'yan mata na kallo, ba za a mai da shi abin dariya a hostel ba. Ni dai ina bayan koci, wace dariya ta wuce a riƙe ka da gangan gaban jama'a don an san ba ka iyawa? Shekaranjiya da na fito masallaci da asuba na hango shi shi kaɗai a fili yana gwadawa daga ƙasa, na yi kamar ban gani ba. Kai ma kar ka taɓa masa zancen a WhatsApp.

In za ka taho hutu don Allah ka duba mana raga biyu a can, tamu ta zama tsumma, zan tura maka kuɗin. Ka gaida mutanen gidanku na can.

Naka,
abokinka na layin firi turo