Wasiƙar godiya ga ma'aikatan cibiyar taruka ta unguwarmu a Greensboro

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin iyayen yaran da suka yi rawa a zaurenku a daren kaɗe-kaɗen gargajiya da kuka shirya. Na sa ta inda jama'armu za su gani, domin 'yan Nijar da 'yan Najeriya mazauna birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa a Amurka da kewayensa su san cewa akwai ofishin hukuma a wannan gari da ya karɓe mu hannu bibbiyu, a lokacin da muka riga muka fitar da rai.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Muna son ɗaki mai faɗi inda 'yan matanmu za su koyi gaɗa, samari kuma su koyi taka rawar kalangu, sannan a samu rana guda da za su nuna wa mutanen gari abin da suka koya. Yawancin yaran nan a Amurka aka haife su, ba su taɓa zuwa dandali ba, kuma idan ba mu koya musu yanzu ba, babu mai koya musu. Amma da muka shiga neman wuri, mun sha wuya ba kaɗan ba. Masu zaurukan haya suna amsa waya da fara'a, da zarar sun ji an ambaci ganga sai murya ta sauya. Wani ya ce sai mun kawo takardar inshora mun kuma ɗauki masu gadi, alhali taron yara ne da iyayensu, babu giya, babu kwana. Wani ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ana gab da ranar ya ce ya bai wa masu biki wurin, kuma kafin kuɗinmu su dawo sai da aka kai ruwa rana. Abin da ya fi ci mana rai shi ne na wasu masu shirya taro da suka gayyace mu da kansu, suka ba mu 'yan mintuna daidai lokacin da jama'a suka tashi ɗiban abinci, ba tare da wani ya tambayi sunan rawar ko garin da ta fito ba. Yaran sun yi ado, sun yi rawarsu ga kujerun da babu kowa, suka koma gida jikinsu a sanyaye. Wasu iyayen tun daga ranar suka janye 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Da wannan nauyi a zuciya na shigo ofishinku, na tarar da uwargidan da ke kula da rajistar ɗakuna, wadda ba zan ambaci sunanta ba saboda ban nemi izininta ba. Ta ajiye abin da take yi, ta jawo mini kujera, ta saurare ni har na kai aya. Tambayoyin da ta yi mini su ne suka fara kwantar mini da hankali, domin tambayoyin mai son aiki ya yi kyau ne: yara nawa za su hau dandamali, ko suna rawa da takalmi ko babu, mene ne sunan kowace rawa, kuma daga wane gari take. Ta rubuta kuɗin haya a takarda ta miƙo mini, kuma abin da ta rubuta shi muka biya, ba a ƙara ko sisi ba. Ita ce ma ta kawo shawarar a sa mu cikin shirin daren kaɗe-kaɗen da cibiyar ta riga ta tsara. Da ta duba jadawalin, ban ce komai ba ta tambaye ni ko lokacin da aka ba mu zai ci karo da sallarmu ta faɗuwar rana. Ta matsar da mu zuwa bayan Magariba, ta sa aka kwashe kujerun wani ƙaramin ɗaki domin masu salla, ta kuma ware wa 'yan mata wurin sauya kaya su kaɗai. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to mu a wurin wannan baiwar Allah mun samu duka biyun.

Zauren yana da tsabta, kujeru sun wadata, an fara a kan lokaci, an kuma tashi a kan lokaci.

Waɗanda suka buɗe daren masu kiɗan bulugiras ne, kuma da yawa daga cikinmu ranar muka fara ganinsa ido da ido, duk da cewa muna zaune a ɗaya daga cikin jihohin da suka fi shahara da shi. Kiɗa ne da ya tsiro daga waƙoƙin mutanen karkarar duwatsun Appalachia. Bill Monroe, mutumin jihar Kentucky, shi ake ɗauka a matsayin ubansa, kuma ya samu kamannin da aka san shi da su yau ne a ƙarshen 1945, lokacin da Earl Scruggs, ɗan wannan jiha ta Karolina ta Arewa, ya shiga ƙungiyar Monroe da salonsa na kaɗa banjo, wani kayan kiɗa mai tsirkiya mai kama da gurmi, da yatsu uku. Babu ganga a cikinsa, babu kayan kiɗan da ake jonawa da lantarki. Jita ce da banjo da mandolin da gogen Turawa, sai babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. Makaɗan sun kewaye makirufo guda ɗaya, wanda duk layinsa ya zo sai ya matso gaba ya yi nasa, ya ja da baya ya ba ɗan'uwansa, ba tare da kiɗan ya yanke ba. Wata tsohuwa ta shimfiɗa katako a gefe tana rawar dukan ƙafa irin ta mutanen duwatsun, tafin takalminta yana yin aikin da ganga take yi a wurinmu.

Akwai abin da ya faru a bayan dandamali wanda shi ma bashin godiyarsa yana kan ma'aikatanku. Dattijon da ke kaɗa mana gurmi ya tarar da fatar gurminsa ta saki saboda laimar da ake fama da ita a nan lokacin zafi, sautin ya mutu. Uwargidan nan ta koma ofishinta ta ɗauko fitilar teburinta, ta jona ta, dattijon ya riƙe gurmin kusa da zafin ƙwan yana ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa har ta ɗaure. Mai banjo yana tsaye yana kallo, sai ya matso ya nemi izinin taɓawa. Ya gaya mana cewa haka tsofaffinsu suke gasa banjo a gefen murhu a zamanin da ake rufe shi da fatar maraƙi, kafin roba ta maye gurbinta. Ya juya ƙoƙon, ya duba yadda sandar ta ratsa shi, ya ce banjon farko ma da duma da fata aka yi shi, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su ne suka fara haɗa shi a tsibiran Karebiyan kafin ya bazu a Amurka. Masu bincike sun fi danganta shi da akontin na mutanen Jola na Senegal da Gambiya, amma duk wanda ya ajiye gurmi kusa da shi zai ga dangantakar. Ya kuma ambaci Rhiannon Giddens, haifaffiyar wannan gari, wadda ita da abokanta suka koyi tsohon kiɗan baƙaƙen fata a wurin dattijo Joe Thompson na garin Mebane, suka tuna wa Amurkawa asalin wannan kayan kiɗa. 'Ya'yanmu suna tsaye suna jin wannan bayani daga bakin Ba'amurke, kuma na ga yadda kallon da suke yi wa gurmin ya sauya.

Mai kula da sauti bai bambanta mu da kowa ba. Ya durƙusa gaban dattijonmu yana gyara makirufo har sai da sautin gurmin, wanda ba mai ƙara ba ne, ya isa kujerar ƙarshe. Bayan mutanen tsaunukan Biyetnam, waɗanda aka fara tsugunar da su a wannan jiha a 1986, sun kaɗa farantan tagullarsu, 'yan matan Meziko kuma sun yi juyi da manyan siket ɗinsu, sai aka kira yaranmu da sunan rawarsu da sunan ƙasarsu, aka ba su lokaci daidai da na kowa. Da 'yan matan suka fara tafin gaɗa, zauren gaba ɗaya ya ɗauka.

Dole in faɗi cewa irin wannan mu'amala ta yi ƙaranci, a nan da can gida baki ɗaya. Greensboro ta karɓi baƙuncin babban bikin kaɗe-kaɗen gargajiya na ƙasa daga 2015 zuwa 2017, kuma tun 2018 take gudanar da nata a tsakiyar gari kyauta, amma duk da haka ƙananan ƙungiyoyi irin tamu suna shan wulaƙanci a hannun masu zauruka da ke kallon launin fata da lafazin mutum kafin su dubi buƙatarsa. A gida kuwa abin ya fi ciwo, domin kiɗan namu ne. Mun san ofisoshin da idan ba ka san kowa ba za a yi ta ce maka ka dawo gobe, maigida ba ya nan. Mun ga yadda ake ajiye makaɗan gargajiya cikin rana tun hantsi suna jiran manyan baƙi, a ƙarshe a sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. Tun rasuwar Ɗan Maraya Jos a 2015, matasa nawa ne suka ɗauki kuntigi da niyyar su rayu da shi? Masu garaya da gurmi suna tsufa, gidajen biki sun koma hannun masu sa waƙa a na'ura, zaurukan da aka gina domin raya al'adu kuma an mayar da su wuraren haya.

Roƙonmu gare ku shi ne ku bar mana ɗakin koyon a ranar da muka saba, ku kuma sa mu cikin shirin baɗi, domin iyayen da suka janye 'ya'yansu sun fara dawo da su. Za mu aika da kwafin wannan wasiƙa ga majalisar birni, da fatan za a sa ta cikin takardun aikin uwargidan da mai kula da sauti. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka.

Naku,
Ɗaya daga cikin iyayen yara, mutumin Maraɗi mazaunin Greensboro