Abba, a wasan nan yaushe yariman ya shiryu?

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar nan tawa da ka sani, ga hawan jinin da yake zuwa yana komawa. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya da na ɗauko magana sai ka yi ta "to Baba, to Baba" har mu rabu ban san ko ka ji ba.

Labari ya iso ni. Kada ka ɓata lokacinka wajen neman wanda ya kawo shi. An ce shiga ajinka ya zama na ganin dama, ka bar ɗakin da muka biya ka tare wurin wasu samari, dare ya zame muku rana. An ce har da kwalba. Duk wannan na haɗiye, na ce ƙuruciya ce da baƙunta. Abin da ya hana ni barci kwana uku shi ne amsar da ka ba Yayarka da ta yi maka magana. Wai ka ce a ƙyale ka, ai Baba da kansa ya karantar da kai labarin Yarima Hal, shi ma ya sha yawonsa, da lokaci ya yi ya zama Sarki Henry na Biyar.

Gaskiya ne, ni na karantar da kai. Ina iya ganin ka a zaure, shekarar da muka dawo gidan nan, ka cusa matashi a cikin riga ka zama Falstaff, tsohon nan mai tumbi abokin shashancin Hal, kana tafiya kana haki, ƙannenka suna birgima a tabarma don dariya. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane Shakespeare, ban taɓa samun ɗalibin da ya kama shi da wuri kamar kai ba. To tunda da littafina ka kafa hujja, wato wasan kwaikwayon Henry na Huɗu mai kashi biyu, zauna mu sake buɗe shi.

Hal ɗin da ka sani, mai kwana a mashayar Eastcheap, mai bin 'yan fashi zuwa Gad's Hill don raha, mai cewa shi rana ce da ta ɓuya a bayan gajimare kuma zai fito ya ba duniya mamaki, Shakespeare ne ya gina shi, sama da shekara 170 bayan mutuwar mai sunan. Ya tsinci tatsuniyoyin ƙuruciyar sarkin a littattafan tarihi irin na Holinshed, ya ƙara musu gishiri, domin 'yan kallo sun biya kuɗi kuma dariya suke so. Henry na gaskiya kuwa, wanda aka haifa a Monmouth, yana da shekara 16 aka ba shi jagorancin wani ɓangare na rundunar ubansa a yaƙin Shrewsbury, ranar 21 ga Yulin 1403. A wurin kibiya ta same shi a fuska, gefen hanci, ta nutse kusan inci 6. Aka zare sandar, ƙarfen ya maƙale a ƙashi. Wani likita, John Bradmore, ya yi ta buɗa raunin sannu a hankali da tsinkaye da ya naɗe da ƙyalle ya tsoma a zuma, sannan ya ƙera wani ɗan awartaki na musamman ya zura ya kamo ƙarfen ya jijjiga shi har ya fito. Babu allurar kashe zafi, Abba. Bayan nan aka yi kusan kwana 20 ana wanke ramin. Yaron da ya warke daga wannan ya koma Wales ya ci gaba da yaƙi da Owain Glyndwr, jagoran tawayen can, shekara da shekaru, yana fama da yadda zai biya sojojinsa. Kafin ya kai shekarunka na yanzu shi ke juya majalisar sarki. Saɓanin da ya shiga tsakaninsa da ubansa, har aka cire shi daga majalisar a 1411, a kan mulki ne da yadda za a bi da rikicin Faransa. Wannan shi ne mutumin da ya ci Faransawa a yaƙin Agincourt a 1415. Ba daga mashaya ya tashi ya ci ba.

Amma bar tarihi. Mu tsaya a wasan da ka fi so, domin a nan tsorona yake.

Ka tuna yaushe Hal ya shiryu? Ya yi wa ubansa alkawari tun a kashi na farko, ya cika a fagen fama, har ya ceci ran tsohon. Da aka shiga kashi na biyu sai ga shi ya sake komawa mashaya, ya ɗaura gyauton masu raba giya don ya tsokani Falstaff. Shiriyar da ta zauna ba ta zo ba sai da uban ya kwanta ciwon ajali. Ka san wurin sarai: sarki a kwance, kambin sarauta a kan matashi kusa da kansa, yarima ya shigo ya ga ba ya motsi, ya ɗauka ya cika, ya ɗauki kambin ya ɗora a kansa ya fita. Tsoho ya farka ya ga matashi wayam. Na karanta wa ɗalibai wurin nan ba adadi, ina yi musu bayanin hikimar marubuci. Sai a makon nan na karanta shi a matsayin wanda yake kwance a gadon.

Don haka nake tambayar ka, kuma ina son amsa: wane lokaci ne kake jira? In Hal kake bi, lokacinsa mutuwar ubansa ne. Sai an kira ka a waya cikin dare an ce ka yi haƙuri, sannan za ka zubar da kwalba, ka nemi tikiti, ka zo ka tsaya a sahun gaba kana karɓar gaisuwa, mutane suna cewa ai yaron ya natsu? Ni da na sayar da filin bayan gari, na jure maganganun Kawunka a kan haka, Ummanka ta fitar da abin da ka san ta fitar, rabonmu shi ne mu ga lalacewar, natsuwar kuma a nuna wa kabarina? Hal ya yi sa'a, ubansa ya farka, suka yi kuka, suka yafi juna, ya sami wasiyya. Marubuci ne ya tsara musu wannan sa'ar da alƙalaminsa. Ni babu wanda ya rubuta mini cewa zan farka. Kakanka da kake ɗauke da sunansa ya yi alwalar la'asar ne bai kai ga sallar ba, kuma ina Zariya a ranar. Har yau akwai maganar da ban gaya masa ba. Ba na son in bar maka irin wannan kayan, kuma wallahi ba na son in tafi ina tunanin abin da na bari a bayana.

Ka yi haƙuri, na ɗaga murya. Na ajiye alƙalamin na je masallaci na dawo.

Akwai nawa laifin, kuma wasan nan bai bar ni na manta ba. Tun a farkonsa sarki yana yabon Hotspur, ɗan wani, har yana fatan a ce aljanu sun musanya su a tsumman goyo, ya zama Hotspur ne nasa. A tarihi Hotspur ya ma girmi sarkin kansa, Shakespeare ne ya mai da shi sa'an Hal don gorin ya yi zafi. Ni ma na yi maka wannan gorin da ɗan Gwaggonka, ranar da sakamakonku ya fito, a gaban mutane. Na ga yadda ka sunkuyar da kai ka bar tuwon. A lokacin ina ganin zaburar da kai nake yi, haka aka yi mana, kuma ban ga ya kashe mu ba. Amma na san tun daga ranar ka daina kawo mini littafi mu karanta tare. Ban taɓa fatan a musanya mini kai da kowa ba, ko na minti ɗaya. Da na faɗa maka wannan tun tuni.

Su kuma abokan naka, ban san su ba, ba zan zage su ba, 'ya'yan wasu ne da su ma aka sayar da wani abu aka tura su. Sai dai ka tuna yadda Hal ya yi da nasa. Ranar naɗi Falstaff ya sheƙo da gudu daga ƙauye, ko kaya bai canza ba, yana kiran yaronsa a tsakiyar taro, sabon sarki ya dube shi ya ce bai san shi ba. Tsohon bai daɗe ba ya mutu da baƙin ciki. Bardolph mai jan hanci kuma, wani abokin mashayarsu, aka rataye shi a Faransa saboda ya yi sata a coci, sarki bai hana ba. Wanda ya zauna da mutane yana cin abincinsu, a ransa kuwa ya riga ya sa ranar da zai yar da su, ban ga abin koyi a wurinsa ba. In zamansu ba alheri ba ne, ka tashi yanzu, ku rabu da mutunci, wataƙila ma tashinka ya ja wani daga cikinsu.

Shi kansa Henry, da duk nasarar, nawa ya samu? Ya hau gadon sarauta a 1413, ya auri 'yar sarkin Faransa a 1420 bisa yarjejeniyar cewa shi zai gaji sarautar can. A ƙarshen Agustan 1422 ciwo ya kashe shi a Vincennes, kusa da Paris, yana da shekara 35. Surukin da yake jira ya gada ya biyo shi bayan 'yan makonni kawai. Ɗansa da aka haifa a Windsor bai cika wata 9 ba, kuma bai taɓa ɗora ido a kansa ba.

Ga abin da nake so. Ka je wurin malamin da ke duba aikinka a makon nan, ka gaya masa gaskiyar inda ka tsaya, ka ji abin da za a iya cetowa. In kuɗin ɗaki ne ya sa ka tashi, ka faɗa mini ba tare da kunya ba, za a san yadda za a yi. In kuma abin ya kama ka ne har ba ka iya bari da kanka, wannan ciwo ne, akwai likita a makarantarku, kuma ba zan faɗa wa kowa ba. Ummanka ba ta san da maganar kwalbar ba, na ce mata karatu ne ya yi maka yawa. Ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko, tana zama da wayar a cinya tun daga azahar.

Tsohon littafin nan mai jan bango yana nan, da rubutunka na fensir a gefen shafi. Na sa shi cikin kayan da za a kawo maka, tare da kilishi da yajin da ta daka. Allah ya tsare mini kai, ya yi maka albarka, ya dawo da kai ina da rai.

Wassalam,
Mahaifinka.