Wasiƙar Barka da Sallah Daga Hamadar Arizona

Zuwa ga Yaya da dukan iyalan gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah, ni da uwargida. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan Baba da Inna da sauran magabatanmu. Kuɗin zakkar fidda kai da na aiko kafin ƙarshen azumi na ji an sayi hatsi an raba a kan lokaci, Allah Ya saka wa Yaya da alheri.

Na ji daga bakin Gwaggo cewa hankalinku bai kwanta ba tun da muka sayar da gidanmu na Teksas muka koma zama a cikin mota, har wasu suna tambaya ko karayar arziki ce ta same mu. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in bayyana muku yadda muke wuni da yadda muke kwana, domin ku auna da kanku. Motar da a nan ake kira RV gida ce sosai, tana da ɗakin kwana da makewayi da wurin wanka da madafa mai murhun gas da firji, kuma dattawa masu yawa a Amurka suna zaɓar irin wannan zama bayan sun ajiye aiki. Kuɗin fansho na gwamnati yana shiga asusuna kowane wata, inshorar lafiya ta Medicare, wadda ake shiga daga shekara 65, tana aiki a kowace jiha muka je, kuma muna da adireshi na dindindin a garin Livingston na Teksas, inda wani kamfani yake karɓar wasiƙunmu ya tura mana duk inda muka sauka.

A yanzu muna kusa da wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite a yammacin Arizona, wanda mazaunansa na asali ba su kai 3,000 ba, amma da sanyi ya shigo sai dubban motoci irin tamu su cika dajin da ke kewaye da shi. Filin da muke ciki, La Posa, mallakar gwamnatin tarayya ne, kuma da takardar izini guda ɗaya mutum yana iya zama daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu. A wasu filayen gwamnati kuwa zama kyauta ne, sai dai ba a wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Yanayi ne yake tsara mana ƙaura, kamar yadda makiyayanmu suke bin ruwa da ciyawa: mu gangaro kudu da hunturu, mu hau arewa ko kan duwatsu idan zafi ya taso, domin a watan Yuli zafin wannan wuri yakan haura digiri 40 nesa ba kusa ba.

Ruwa shi ne babban abin da ke juya gidan nan, kuma a kansa nake so in tsaya. Ba mu da famfon gwamnati, sai tanki ɗaya na ruwa mai tsabta a ƙarƙashin mota, da wasu biyu da ke tara ruwan wanke-wanke da na bayan gida. Da zarar na idar da sallar Asuba nakan duba ma'aunin tankunan nan uku da na batir, domin su ne za su gaya mini ko yau ranar zama ce ko ranar fita. Idan tankunan ƙazanta suka kusa cika, dole mu naɗe rumfa, mu ɗaure duk abin da zai iya faɗuwa, mu tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa wurin da aka tanada domin zubarwa, mu bi layi, sannan mu cika na ruwan sha mu dawo. Aiki ne marar daɗi, amma ina yin sa da hannuna ba tare da ƙyama ba. Tun da muka fara wannan zama nake alwala da rabin buta, kuma sai yanzu na gane da jikina hikimar hana ɓarnar ruwa da malamanmu suka karantar da mu muna yara. Wuta kuwa daga allunan sola na kan rufi take zuwa, don haka nakan hau tsani in goge musu ƙura, uwargida kuma takan bar duk aikin da ke cin wuta sai rana ta take.

Da hantsi muna fita tattaki tsakanin duwatsu da dogayen itatuwan ƙaya na wannan hamada, saboda likita ya umarce mu da tafiya kullum. Lokacin ne kuma nake kiran ku, tun da kuna gabanmu da awa 8, safiyarmu ita ce yammacinku. Bayan Azahar nakan yi karatun Alƙur'ani ko in gyara wani abu, domin motar da ke yawo a kan tsakuwa ba ta rabuwa da ƙusar da ta kwance ko bututun da ke ɗiga. Nama na halal sai mun je Phoenix, tafiyar kusan awa biyu, kuma ƙaramin firjinmu ba ya ɗaukar da yawa, saboda haka wake da kifi sun yawaita a tukunyarmu. Kukar da daddawar da kuka aiko suna nan ana tattalinsu, da garin masara na nan ake tuƙa mana tuwo.

Game da salla, wanda na san shi ne ya fi damun Yaya, muna bin abin da muka taso a kai na mazhabar Malikiyya: muna ƙasaru a kan hanya, idan kuma muka yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye sai mu cika. Alƙibla daga nan tana arewa maso gabas, kuma duk inda muka sauka ita nake fara tantancewa kafin in daidaita tsayuwar motar. Abin da ba zan ɓoye muku ba shi ne rashin jam'i. Babu masallaci a kusa da mu, babu kiran salla sai na waya, kuma Tarawihin bana mu biyu muka yi shi a kan darduma a gefen mota. Wannan shi ne nauyin zaman nan, ya fi mini ɗaukar ruwa da tsadar mai wahala. Idan kewar sahu ta dame mu mukan tafi masallacin Tempe, kusa da Phoenix, wanda aka gina a 1984 da siffar Ƙubbar Dutse ta Ƙudus. A can yankin muka kwana daren Sallah, muka yi Idi tare da Larabawa da Somaliyawa da 'yan Pakistan da 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma, na kuma tsaya gaisawa da mutane har sai da fili ya watse.

Akwai wani abu a maƙabartar Quartzsite da yake taɓa mini zuciya. Kabarin wani mai raƙuma ne da ake kira Haji Ali, wanda sojojin Amurka suka kawo daga ƙasashen Daular Usmaniyya a 1856 lokacin da suke gwada amfani da raƙuma a hamadarsu. Gwajin bai ɗore ba, shi kuwa ya zauna har ya rasu a wannan gari a 1902, daga baya aka gina masa ɗan tsauni na duwatsu da siffar raƙumi a samansa, an rubuta sunan da sojoji suke kiransa, Hi Jolly. Na tsaya a wurin na yi tunani mai tsawo a kan baƙon da ya tsufa nesa da danginsa. A ranar na gaya wa yaranmu cewa wannan yawo na ɗan lokaci ne, iyakarsa ƙarfin idona da na hannuna a kan sitiyari, kuma burina bayansa shi ne in dawo gida in zauna kusa da ku idan Allah Ya ba da rai.

Maƙwabtanmu a nan galibi tsofaffin Turawan Amurka da Kanada ne, kuma ban ga komai daga gare su ba sai mutunci. Da suka fahimci muna azumi, wasu sun riƙa kawo mana dabino daga gonakin Yuma, uwargida kuma ta rama musu da ƙosai da kunun gyaɗa ranar Sallah. A wannan daji kowa yana lura da motar ɗan uwansa, idan ba a ga tsoho ya fito da safe ba za a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Kafin wa'adin izininmu ya cika a tsakiyar Afrilu za mu tashi zuwa dazukan Flagstaff, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, inda iska take da sanyi ko da bazara. A can wayar salula takan yanke a wasu wurare, saboda haka idan kuka ji mu shiru na kwana biyu kada ku tayar da hankali. Goron Sallar yara yana hannun Yaya, a raba musu har da 'ya'yan maƙwabta. A gaishe da Gwaggo da jiki, a gaishe da Liman da mutanen zaure baki ɗaya, a kuma sa mu cikin addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka da iyalinsa.