Zuwa ga Auta, a kan takardun rangwame da cefanen gidanki

Assalamu alaikum, Auta.

Ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Ya sanyin jihar Ohayo can Amurka? Mu nan sai godiya, Abbanku ma ƙafar ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa.

Na ga hotunan da kika turo ta WhatsApp ranar Lahadi. Kabad ɗin kicin cike, kwalayen abincin karin kumallo 9, robobin man wanke gashi 6, ga doguwar rasit da kika ja wa layi a ƙasa, inda suka rubuta wai kin tsira da dala 41. Wallahi na ji daɗi, domin yarinyar da a da ko canjin cefane ba ta ƙirgawa, yau ita ce take tattalin kuɗin mijinta. Amma da na ƙara duba hoton sai hankalina bai kwanta ba. Ku biyu ne rak a gidan nan. Kuma ni na raine ki, na san ba kya cin abin nan da madara, kunu kike nema da ƙosai. To kwali 9 wa zai cinye? Shi ya sa na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, na ce bari in zauna in rubuta.

Takardun rangwamen nan da suke kira kufon, waɗanda ake miƙawa a kanti a rage wa mutum farashi, ba baƙin abu ba ne a wurina. Kin san mun zauna a Athens, ƙaramin garin jami'a a nan jihar taku, daga 1982 zuwa 1985, lokacin da Abbanku yake karatu. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 fitar da kuɗi daga gida ya yi wuya, sai mu yi wata uku muna duban hanya, ga babban yayanku yana goye. A lokacin ne wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasan benenmu ta ja ni a jiki. Kowace Lahadi idan ta gama da jarida sai ta kira ni, mu baje shafukan tallan a tebur, ita da almakashinta ni da nawa. Tana da wani kwalin takalmi da ta jera ambulan a ciki, na sabulu daban, na kayan gwangwani daban, kowace takarda an sa ta bisa ranar da za ta daina aiki. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, ba ta taɓa buɗe kwalin nan sai ta gama rubuta abin da gidanta yake bukata a bayan tsohon ambulan. Sai ta rubuta, sannan ta duba ko akwai takardar da ta dace. Idan babu, ta rufe kwalinta ta tafi kanti.

Ni kuwa da farko ta baya na ɓullo wa abin. Takarda nake fara dubawa, ita take gaya mini abin da zan saya. Wata rana na samu ta biskit a ranar da kantin yake ninka rangwame, na kwaso fakiti 6 ina murna. Da daddare Abbanku ya juya bayan fakitin yana karanta abin da aka haɗa shi da shi, sai ga kitsen alade a layi na biyu. Duka muka zubar. Kuɗin nan da madarar jariri ta kwana huɗu na saya da su, kuma a makon nan ba mu da wasu. Har yau idan na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Ki san cewa mai kaya ne ya ƙirƙiro takardar nan, don amfanin kansa. Tun wajen 1887 kamfanin Coca-Cola yake raba wa mutane takardar shan kofi ɗaya kyauta, ba don tausayin masu ƙishirwa ba, don baki ya saba ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mu ma nan mun san irinta: mai tumatir a 'Yankaba idan ya cika miki kwando ya ɗora gyara, so yake gobe ki wuce kowa ki zo wurinsa. Bambancin kawai, a nan ke kike zuwa da bukatarki, ki taya, ya ce albarka, ki ƙara, ya sallama. A can ba a ciniki, shi ya zaɓi kayan da zai rage miki, ya zaɓi girman, ya sa ranar da ragin zai ƙare don ki yi sauri. Ban ce ki daina amfani da su ba. Cewa na yi bukatarki ta shiga gaba, takarda ta biyo baya.

Takardun iri biyu ne. Akwai ta kamfanin da ya yi kayan, wadda shi zai mayar wa kanti kuɗin da aka rage miki, akwai kuma ta kantin kansa. Kantuna da yawa suna yarda ki haɗa ɗaya ta kamfani da ɗaya tasu a kan abu guda, ki tambayi naku. Ki riƙa karanta ƙananan rubutun ƙasa, don a nan suke ɓoye cewa sai kin sayi biyu, ko sai babbar roba. Kuma ko da wasa kada ki buga kwafin takarda, ko ki karɓi wadda wani ya turo ta intanet ba ki san asalinta ba. Zamba ce a dokarsu, haramun ce a wurinmu, ke kuma baƙuwa ce a ƙasar mutane.

Lissafin da ya fi kowanne amfani ba a kan takardar yake ba, yana jikin kantar da ake jera kaya. Ƙarƙashin kowane kaya akwai ɗan tambarin farashi, a gefensa an rubuta nawa kowane awo ya kama. Shi ne mudunki a can. A ce sabulun wanki mai suna dala 12 ne, takarda ta rage miki 2, kin biya 10. A gefensa ga wanda kantin ya yi da sunansa, girma ɗaya, dala 7, ba takarda ba komai. Rasit zai yaba miki ya ce kin tsira da dala 2, alhali 3 kika yi asara. Shi ya sa dala 41 ɗin nan ba ta burge ni sosai ba, da cikakken farashinsu suka auna ta, ba da abin da ya kamata ki kashe ba.

Sannan ki lura, abin da mu muke ci ba kasafai ake yi masa takarda ba. Shinkafa, wake, albasa, attaruhu, nama, su ne tukunyarki. Waɗannan sai ki bi su inda suke da araha. Buhun shinkafa mai fam 20, wato kilo 9 ke nan, a kantin Indiyawa ya fi miki ƙananan kwalaye goma ko da rangwame. Naman halal kuma kun yi dace, birnin Kolombus cike yake da 'yan Somaliya da shagunansu. Mu a lokacinmu sai mazaje sun haɗa kuɗi sun je gona sun yanka rago an raba. Inda takarda take da rana shi ne kayan da ba sa lalacewa kuma dole ki saye su: sabulu, man goge baki, takardar banɗaki, da ƙunzugun jarirai in Allah ya kawo rabo. Ki riƙe takardar har makon da kantin da kansa ya karya farashin, sai ki haɗa biyun. Kamar yadda Abbanku yake jiran kaka ya je Dawanau ya auno gero da masara ne. Amma mu muna da sito, ke ɗaki biyu gare ki, na wata uku ya isa.

Yayarki ta nuna mini cewa yanzu duk a waya abin yake, irin katin kantin Kroger ɗin nan da kike ba da lamba a wurin biya. To ki sani duk abin da kika saya suna rubutawa, shi ya sa suke turo miki ragin abin da suka ga idonki yana kai. Ki kashe ƙarar sanarwar, ki buɗe manhajar sau ɗaya a mako bayan kin gama rubuta cefanenki. Kada ki shiga kanti da yunwa, kada kuma ki ƙona man mota zuwa ƙarshen gari saboda ragin dala ɗaya.

Idan kina son sanin ko da gaske kin rage wani abu, ki duba abin da ya saura daga kuɗin cefane a ƙarshen wata. Shi za ki ware gefe, da sanin maigidanki, don amana ce ya ba ki. Ni a gwangwanin madara nake tarawa, da shi na sayi keken ɗinkin da kuka taso kuka gani a ɗakina. Amma kada tattali ya sa ki ƙuntata masa a kwano, ko baƙo ya zo gidanki ya tarar da tukunya a wanke. Ba haka muka rene ku ba.

Kwalayen nan 9, ki juya bayansu ki karanta tukuna, domin wasu masu sukari a kai ana sa musu jelatin, wani sinadari mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma sau da yawa daga alade ake yin sa. Waɗanda suke da tsabta ki bar biyu, sauran ki kai masallacinku ko inda ake tara wa mabuƙata abinci tun kwanan watansu bai wuce ba.

Ƙanin Abbanku zai taso bayan Sallah, zan ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ya kawo miki. Kilishin da kika ce kam ki haƙura, ba a barin nama ya shiga. Ki turo mini hoton takardar cefanenki ta mako mai zuwa, wadda kika rubuta da hannunki, ita nake son gani. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
daga Kano