Barka da Sallah daga Nanjing, da bayanin butar Baba

Assalamu alaikum Baba, Umma, Yaya da duk yaran gida. Barkanmu da sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya sa muna cikin 'yantattun bayi, ya maimaita mana. Mu nan har mun sauko daga idi kuna barci tunda awa 7 muke gabanku, a masallacin Jingjue muka yi, yawanci Musulman Chaina ne 'yan ƙabilar Hui sai mu ɗalibai baƙi. Ba hutu a nan fa, ana shafa fatiha kowa ya kama gabansa, wasu aji wasu wajen aiki. Wallahi na yi kewar waina da miyar taushen Umma ba kaɗan ba.

Baba tsarabar sallarku tana hanya, na ba wani ɗan kasuwa da zai taso daga Guangzhou zuwa Kano. Butar shayi ce ta ƙasa, 'yar mitsitsiya, ruwan da take ci bai wuce ƙananan kofuna uku ba, shi ya sa nake son in yi bayani tun kafin ta iso kada a buɗe kwali a raina ta ko a ba yara su yi wasan girki da ita.

A Yixing ake yin su, gari ne a nan jiharmu ta Jiangsu a gefen tafkin Taihu, jirgin ƙasa mai gudu ba ya cika awa ɗaya daga Nanjing. Ainihin masu sana'ar suna wani yanki Dingshu, can na je na saya a hannun wata mata da ita da kanta ta gina ta. Yumɓun da suke kira zisha ba laka ba ce ta bakin rafi, dutse ne ake haƙowa, wanda ya fi suna shi ne na tsaunin Huanglong. A shanya shi a fili rana da ruwan sama su farfasa shi, a niƙa a tankaɗe a kwaɓa, sannan a ajiye a wuri mai sanyi ya yi watanni, wani ma shekaru, kafin a taɓa shi. Saboda yawan haƙa har sai da hukumar garin ta hana a 2005. Akwai mai ruwan makuba, akwai ja, akwai mai ɗorawa-ɗorawa. Taku mai makubar ce.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda take aikin. Ba injin juyawa ba komai, tebur ne na katako mai kauri da 'yar guduma ita ma ta katako. Ta yi ta bugun yumɓun har ya baje kaurinsa ya zo ɗaya ko'ina, ta yanko dogon falle ta naɗe shi ta haɗa bakinsa, sai ta sa yatsun hannu ɗaya a ciki tana tarewa ɗaya hannun kuma yana bubbugawa daga waje da wani ɗan katako mai faɗi, tana juyawa tana bugu tana juyawa, ina kallo cikin butar ya fito ya yi kumburi daidai ba gefen da ya fi wani. Bakin zubawa daban ake yi, mariƙi daban, murfi daban, sai a liƙa da ruwan yumɓun. Daga nan ta ɗauko wani siririn ƙahon ɓauna ta yi ta gogewa har jikin ya yi sumul. Ba fenti, ba a shafa mata abin ƙyalli irin na tangaran, launin da za ku gani na ƙasar ne kawai da wuta.

Wutar kuma ta haura digiri 1100, kuma yumɓu yana tsukewa in ya sha wuta, to dole tun yana ɗanye mai ginin ta lissafa yadda murfi zai zauna a baki bayan an gasa, ga jan nan ya fi kowane tsukewa shi ya sa yake yawan tsagewa. A nan ake gane gwani. Baba in ta iso ku gwada da kanku: a cika ta da ruwa a fara zubawa sai a toshe ɗan hujin da ke kan murfin da yatsa, ruwan zai tsaya cak, a ɗaga yatsa ya ci gaba. Ku kuma duba yadda bakin zubawa da kan murfi da mariƙi suka hau layi ɗaya, ruwan ya fito santal ba ya dalala ta gindin bakin. Ni wannan ya fi burge ni a kan masu zanen dodanni da furanni da ake jerawa a gilas, ai buta don zuba shayi aka yi ta. Ku kifa ta za ku ga hatimin sunan matar a ƙasa, akwai wani ƙarami a cikin murfi.

Sana'ar ta daɗe, suna danganta ta da wani Gong Chun da ya yi zamani wajen shekarun 1500 a daular Ming, an ce yaron gida ne ya koya a wajen wani mai ibada a haikalin Jinsha. Na baya-bayan nan da kowa ke ambata shi ne Gu Jingzhou da ya rasu a 1996, butocinsa miliyoyin yuan, kuɗin Chaina, ake sayensu a gwanjo. A 2006 gwamnati ta sa sana'ar cikin al'adun gado na ƙasa. Amma fa jabu ya cika kasuwa, na zubi da ba ginin hannu ba da wanda aka rina yumɓunsa da sinadari, sai ka ga an jibge su arha a shagunan 'yan yawon buɗe ido.

Yanzu ga inda nake roƙo, musamman kai Yaya. Kar a ɗora ta a kan gawayi don Allah. Na san koren shayin da kuke dafawa da yamma shi ma daga Chaina yake zuwa, amma wancan a bar shi a butar ƙarfe. Wannan a tafasa ruwa daban, a fara ɗauraye ta da ruwan zafin ta ɗumama, a sa ganye, a zuba ruwa, zubin farko a zubar, na biyu a jira sakan 20 zuwa 30 a tsiyaye duka, ganye ɗaya sai a yi ta maimaita masa ruwa sau biyar ko fiye. Ba siga ba madara ba citta a ciki, mai so ya sa a kofinsa. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani kamar randar Umma, tana shan abin da aka zuba mata, don haka ba a wanke ta da sabulu ko omo, ruwan zafi kawai a bar murfi a buɗe ta bushe. Kuma ganye iri ɗaya ake ware mata, na haɗo da wani ganyen shayi da ake kira pu'er na jihar Yunnan ƙulli biyu, a tsaya a kansa. In ana amfani da ita ana goge ta da tsumma mai laushi za ku ga ta fara sheƙi da kanta bayan wasu watanni. Tana riƙe zafi, mariƙin kuma ba ya ƙuna.

Umma taku tsarabar tana cikin kwalin ita ma, mayafi ne da ɗan turare, na yara kuma na tura wa Yaya kuɗin ta waya ya raba musu har da 'ya'yan Gwaggo. A gaida Kawu da jiki, a gaida Malam liman da mutanen layi duka. Wanda ya je kallon hawan Daushe ya turo min bidiyo. In kwalin ya iso a fara duba murfin, daban na naɗe shi cikin safa a gefe, a sanar da ni ko ya zo lafiya.

Ku sa ni a addu'a jarrabawa ta kusa.

Naku, ɗanku na Nanjing.