A duba soson hedifon kafin a jefar da shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da na daɗe ina yi da hannuna, wato gyaran hedifon a gida domin sautinsa ya ƙara daɗi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga mutane da yawa suna yar da hedifon mai sauran amfani, wasu kuma suna zuba kuɗinsu a ɓangaren da ba nan matsalar take ba.

Asalin wannan na'ura ma aikin gida ne, domin Nathaniel Baldwin, Ba'amurken da ya ƙera hedifon a shekarar 1910, a kan teburin kicin ɗinsa a jihar Utah ya riƙa haɗa su da hannu har rundunar sojan ruwan Amurka ta fara saye. Kayan cikin galibin na yau ba su da yawa: maganaɗisu ne, da naɗin siririyar waya, da wani tantani wanda ke rawa ya tura iska idan lantarki ya ratsa wayar. Sai dai wannan 'yar lasifika ba ita kaɗai ke haifar da abin da muke ji ba, saboda iskar da ke kulle tsakaninta da kunne, da kuma ƙoƙon da ke bayanta, suna da babban rabo a ciki, kuma a nan ne mai sukundireba da haƙuri yake da ta cewa.

Da soson da ke kewaye kunne ya kamata a fara. Akwai hedifon da na yi shekaru ina amfani da shi, har na fara jin sautinsa ya zama holoƙo, dukan ganga ba nauyi, murya kuma kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Soson ya riga ya lotsa, fatar da ke kansa tana ɓarewa tana bar mini baƙin ɓurɓushi a kumatu. Wata rana na sa tafin hannuwana biyu na danna shi a kunnuwana yayin da kiɗa ke tashi, nan take nauyin sautin ya dawo, da na saki kuma ya gudu. Ashe lasifikar lafiyarta ƙalau, iska ce ke zurarewa ta gefe, kuma sauti mai kauri shi ne yake fara ɓacewa duk inda aka sami kafa. Ko ƙafar tabarau da ta ratsa ƙarƙashin soso tana iya jawo haka. Sabon soso ya warware matsalar, amma a san cewa mai rufin fata yana kulle iska ya ƙara kauri, mai rufin yadi kuma yana barin iska ta wuce, sai kaurin ya ragu kunne ya huta da gumi. Wanda ya fi tudu yana nisanta lasifika daga kunne, wannan ma yana sauya sautin, don haka wanda yake son yadda hedifon ɗinsa yake tun farko ya nemi irin na asali.

Bayan soso sai cikin ƙoƙo. A hedifon mai rufaffen baya, sautin da ke fita ta bayan tantani yakan bugi roba ya dawo, ya gauraya da na gaba ya dagula shi. 'Yar auduga da aka wawware aka shimfiɗa a ciki tana shanye wannan amsa-kuwwa, muddin ba a cusa ta da yawa ba, ba a toshe ƙofofin iska ba, kuma abin da aka sa a dama daidai yake da na hagu. Kada wani ya raina wannan dabara. Dan Clark, wanda yau yake da kamfanin hedifon nasa, ya fara ne da gyara wani hedifon mai suna Fostex T50RP yana sayarwa da sunan Mad Dog. Haka nan da kamfanin Sennheiser ya fitar da hedifon HD 800 a 2009, masu saurare da yawa sun ji kaifi a wajejen hatz 6,000 (hatz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne) suka riƙa liƙa masa abin shanye sauti a gida, daga baya kamfanin ya fito da HD 800 S ɗauke da abin da ke rage wannan kaifi.

Inda nake ganin ana asara shi ne sauya waya. Idan ta tsinke ko tana sa sauti yana yankewa a bakin filogi, lallai a gyara ta da dalma ko a sake wata. Amma wayar da ke lafiya, turjiyarta ga lantarki yawanci ba ta kai om 1 ba (om shi ne ma'aunin wannan turjiya), alhali ta hedifon kansa takan kai om 32, wani ma har 300, saboda haka ban yarda cewa waya mai tsada za ta kawo sauyin da ya kai na soso ba.

Shawarata ga mai son gwadawa ita ce ya sauya abu ɗaya a lokaci guda, kuma ya zaɓi gyaran da zai iya warwarewa, ya bar huda da gam sai ya ƙware. Ni nakan gyara ɓangare guda in bar ɗayan yadda yake, in kunna muryar da na sani sosai, in saurara ba tare da na taɓa ƙarar ba, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Yatsa ko bakin sukundireba kada su kusanci tantani, ga shi maganaɗisu yana fizgar ƙarfe. Hedifon mara waya kuwa, musamman mai kashe hayaniya, soso kawai za a sauya masa, saboda akwai batirin litiyam da ƙananan makirfo a ciki. Sauran gyaransa a yi shi da manhajar daidaita sauti a wayar hannu. A kuma tuna cewa buɗe ƙoƙo yana iya soke garanti.

Akwai wata riba da ta fi daɗin kiɗa muhimmanci a wurina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarar desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), kuma tun da na sauya soso hayaniyar waje ta daina shigo mini, na rage ƙarar da nake sa wa kunnuwana. Ina roƙon Edita ya sa a kawo bayanin sauya soso mataki-mataki, tare da hotuna, a shafin kimiyya da fasaha na wannan jarida.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku